Rawanin da Malam Alasan ya sa aka kwance

Ina cikin aji ina raba takardun jarrabawa aka kira ni, aka ce Malam Alasan ya cika bayan azahar. Na yi salati, na ƙarasa rabon takardun, amma tun ranar ban zauna wuri ɗaya ba.

Garin Tawa ya san shi kwamishinan ƴan sanda kafin ya san shi malamin jami'a. Ni a aji na same shi, na zama ɗalibinsa, daga baya abokin aikinsa. Kakin ya ajiye, halin bai ajiye ba. In ka kawo masa rubutu, sai ya ɗora yatsa kan layi ya tambaye ka wa ya gani da idonsa. Mun sha wuya a hannunsa, wallahi. Yakan ce: "Mai iko ba ya jin nauyin hannunsa, wanda aka ɗora wa ne ke ji."

Bara ya faɗa mini inda maganar ta samo asali. Yana sabon kwamishina aka kawo wani dattijo Buzu, Ba'abzine, daga wajen Takanamat kan rikicin gona. Malam ya ce a kwance masa rawani a ga fuskarsa. Dattijon ya roƙa a fitar da ƴaƴansa tukuna, domin su a al'adarsu ba sa yaye rawani daga baki gaban na ƙasa da su. Malam ya ɗauka taurin kai ne, ya sa aka kwance a gabansu. Washegari aka gano mutumin ba shi da laifi. Aka sallame shi, ya tafi.

"Ka kai ni in roƙe shi gafara," in ji Malam, "ƙafafuna sun fara ƙi."

Na ce bayan jarrabawa. Da aka gama, na ce a bari damina ta wuce, hanya ba kyau. Bai sake tuna mini ba, shi ba ya roƙo sau biyu. Kaico, ni da mota a ƙofar gida!

Bayan sadakar uku na kama hanyar Takanamat ni kaɗai. Na sami babban ɗan dattijon, shi ma yanzu da furfura. Ya ce mahaifinsu ya rasu da kakar nan. Ya saurare ni har na gama, ya zuba mini shayi, sannan ya ce: "Da kun zo da rani, da kun iske shi. Ni ba ni iya yahe abin da ba ni aka yi ma ba."

Ya Allah, Malam ya yi niyya, ni na tsare shi. Kada Ka kama shi da jinkirina. Ka yi masa rahama, Ka haɗa shi da dattijon nan inda za su daidaita. Hajiya matar Malam da yara, Allah Ya ba ku dangana, ku ma ku yafe mini.