Bambar motar surukina

Ina durƙushe gaban motar surukina, butar ruwan zafi a hannu, gumi har cikin ido. Ruwan ma na kokon matata ne na sauke daga kan wuta.

Aron motar na yi na ɗauko doya daga Bimbilla. Sai da na iso gida Salaga na ga bambar gaba ta lotsa, ga kuma karce. Mutumin da ko ido ba na iya haɗawa da shi!

Na tuna wani bidiyo da aka ce a zuba ruwan zafi, a turo daga ciki. Na zuba, na turo, na ƙone yatsu biyu. Wurin ya fito, har ya zarce ya kumbura. Karcen kuma na shafe shi da ragowar fentin ƙofarmu. A gwangwani fari ne, a jikin mota sai ya koma kalar koko.

Da la'asar na kai masa, na tsuguna, kaina a ƙasa.

"Baba, a yi haƙuri, na ɗan buga ta a hanya, amma na gyara."

Ya daɗe yana kallon wurin.

"Ai ni na lotsa ta bara a Yendi. Wannan ƙurjin ne dai ban san shi ba."

Na amsa laifin da ba nawa ba, na kuma ƙera nawa da hannuna. Jama'a, gobe akwai suna a gidansa, da wace fuska zan shiga?