Yatsan Yaya Ummaru

Shekara biyar ke nan da muka kai Yaya Ummaru makwancinsa a Birnin Malam, kuma har yau in aka ambaci sunansa a gari sai na kasa kunne in ji da wace irin murya aka faɗe shi. Wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, manomin albasa wanda bai san hanyar ofishin hukuma ba sai da ya sayi layin waya.

Ran kasuwar Jega ya je wurin masu rajistar layi, irin waɗanda ke zama ƙarƙashin laima. Duk wanda ya san hannun manomi ya san aiki kan cinye zanen yatsa, na'ura ba ta cika kamawa a karon farko ba. Mutanenmu sun saba, a ce ka goga yatsa a goshi ka sake dangwalawa. Yaya ya goga, ya dangwala. Aka ce bai hau ba, ya sake, ya kuma sakewa. Aka ɗauki hotonsa da na katinsa na ɗan ƙasa. Ya dawo yana ba mu labari yana dariya, wai har na'ura ta shaida shi ba rago ba ne. Ashe duk dangwalawar ta hau, kowace an yi rajistar layi da ita. Layi ɗaya aka miƙa masa, sauran aka sayar wa mutanen da bai taɓa gani ba.

Can daga baya aka sace wani magidanci wajen Sarandosa. Aka bi lambar da ta kira neman kuɗin fansa, sai ga suna da hoton Yaya. A gona aka ɗauke shi yana tsakiyar ban ruwa, mutane na kallo. Da na samu ganinsa, magana ɗaya yake ta maimaita mini: "Mi niy yi, Sani? Cewa anka yi in dangwala. In ƙiya?"

Bincike ya wanke shi, aka sako shi, amma gari bai wanke shi ba. Aka riƙa raɗa cewa infoma ne, shi ke tsegunta wa ɓarayi wanda ke da abin hannu. Dillalan albasa na Aliero da ke biyo shi har gona suka daina ɗaga wayarsa. A masallaci na ga da idona an bar gurbi a sahu kusa da shi, wallahi ranar ban san abin da na karanta ba. Mutumin da ba a tashin majalisa sai da barkwancinsa ya koma zaman zaure shi kaɗai. Likita ya ce hawan jini ne ya kwantar da shi. Ni dai na san baƙin ciki ne.

Yanzu ga shi an yi dokar kare bayanan mutane. An ce ba a taɓa bayananka sai da yardarka, kana da ikon tambayar abin da aka ajiye a kanka, kana iya neman a gyara ko a goge. Doka ce mai kyau, ban raina ta ba. Amma nakan tambayi kaina me Yaya zai ce da ya ji ta. Ina jin cewa zai yi ai ya yarda, da yatsansa ma, har sau nawa. To wace irin yarda ce wannan, ta mutumin da aka ce masa bai hau ba? Kuma wa ya zo ƙauyukanmu ya karanta wa manoma dokar da Hausa?

Kwanakin baya na je ofishin kamfanin wayar, na ce a rufe duk layin da ke da sunansa. Matashiyar da ke wurin ta ce sai mai layin ya zo da kansa. Na ce yana maƙabarta. Ta ce to in kawo takardar shaidar rasuwa. Haba! Mu da ke wanka da sallah mu binne kafin rana ta yi zafi, wa ya tsaya yankar takarda? Ta duba na'urarta, sannan ta sassauta murya: "Baba, Allah ya jiƙansa. Amma ku yi hanzari, ɗaya daga cikin layukan yana aiki. Ko jiya an yi kira da shi."

'Ya'yansa na noma gonar, albasa na kyau, har wasu sun fara cewa Allah ya jiƙan Ummaru ba tare da sun kau da kai ba. Wannan ɗan mutuncin da ya rage masa ke nan, kuma da ƙyar muka same shi. Amma a wani wuri da ban sani ba, wani yana kira da sunan wana. Ranar da aka sake bin lambar nan, ƙofar gidan 'ya'yansa za a tsaya.