Dokin Baba da Durom na Biyu

Gidanmu na Dutse Alhaji ba shi da wurin kafa turke. Ɗaki uku ne da tsakar gida wadda igiyar shanya ta cinye rabinta, saboda haka dokin Baba yana zaune a Yangoji, a rugar wani dattijo Bafulatani da muke kira Baffa. Kowace Asabar bayan sallar asuba Baba yakan tada tsohuwar motarsa, mu bi ta Zuba da Gwagwalada. Ni ce mai raka shi. Ƙannena sun fi son ƙwallo, ni kuwa ina son kallon yadda birni yake ƙarewa a hankali, benaye su koma gidajen kwano, gidajen kwano su koma kunyoyin doya da inuwar mangwaro.

Baba Babarbare ne. A bayan doki ya tashi can gabas, kafin karatu ya kawo shi Abuja ya zaunar da shi a kujerar ofis har furfura ta fito masa. Da ya yi ritaya, abin da ya fara nema doki ne. Ya samu wani akawal, baƙi wuluk da ɗan fari a goshi, mai sanyin hali, wanda yakan sunkuyo da kai in shafa shi kamar ya san ni tun ina goye.

Wasan da Baba da abokan hawansa suke yi a can ba namu ba ne na gado. Wasu masu dawaki na yankin ne suka gan shi a waya, suka ce me zai hana. Idan an gama girbi sai su ari gonar wani manomi, su kafa durom uku na ƙarfe kamar duwatsun murhu. Mahayi zai shigo a sukwane, ya zagaye na farko ta hannun dama, ya tsallaka ya zagaye na biyu ta hagu, ya wuce na uku shi ma ta hagu, sannan ya sako doki ya dawo. Wanda ya kayar da durom gudunsa ya lalace, komai saurinsa. Babu kofi, babu kyauta. Da ruwan farko ya sauka manomi zai karɓi gonarsa, shi ke nan sai baɗi.

Baba ya girmi kowa a cikinsu, amma shekara biyu yana tsere wa mutanen da ya haifi kamarsu. A shekara ta uku ne dokin ya fara bugun durom na biyu.

Har yanzu ina jin ƙarar. Durom marar komai a ciki idan ya faɗi yakan yi wani kuka mai zurfi, ya gangara. Asabar ta farko Baba ya ce tsautsayi ne. Ta biyu ya canza linzami, ya sa mai kaifi. Ta uku ya shiga da bulala, abin da ban taɓa gani a hannunsa ba, dokin ya sake kai kafaɗa ya bugi durom ɗin, ya fito da kumfa mai ja-ja a baki. Baba ya sauka, bai dubi kowa ba, ya miƙa wa Baffa linzamin.

"Ranar kasuwa ta sama ka kai shi," in ji shi. "Dokin da ya daina jin hannu ba doki ba ne."

Duk mun san masu sayen dokin da aka ce ya lalace. Masu loda su a babbar mota ne zuwa kudu, kuma dokin da ya hau motar nan ba a sake jin labarinsa.

Na ɗauki gudun nan na uku a wayata. Washegari da rana na zauna bakin gado na riƙa maimaita shi a hankali, ina tsayar da hoton ina sakewa. Abin da na gani ba ya buƙatar gwani. Da suka doshi durom na biyu, kafaɗar Baba ta hagu ta zube, idonsa ya kafe a kan durom ɗin, nauyinsa duka ya koma likkafar hagu. Ƙafarsa ta dama kuwa tana reto, da ƙyar take taɓa ƙarfen. Dokin ya bi inda nauyin ya kai shi. Bai ƙi jin magana ba, abin da jikin Baba ya ce masa ya yi.

Na kuma san dalili. Gwiwar Baba ta dama ta daɗe tana ciwo. Na sha ganinsa ta labule idan ya zauna tahiya, yakan zame ƙafar ya miƙe ta gefe, ya janye ta da sauri idan ya ji motsi. Bai taɓa faɗa wa kowa ba.

Amma ni 'yar fari ce. Baba bai taɓa kiran sunana ba, sai "ke" ko "'yar nan". Mukan yi tafiyar Yangoji gaba ɗaya ba mu yi magana goma ba, kuma shirun nan ba na ƙiyayya ba ne, kunya ce irin wadda muka gada. Ta yaya zan buɗe baki in ce masa, Baba, kai ne ka karkace? Na kai wa mahaifiyata wayar tana tsintar shinkafa. Ta kalla har sau biyu, ta girgiza kai.

"Ni in ce wa mahaifinki ya tsufa? Ki rufa mini asiri. Kai wa Bafulataninsa. Shi ne bakinsa ba shi da ƙofa."

Tsakanin Fulani da Barebari akwai wasa tun kaka da kakanni. Kowa yana kiran kowa bawansa. Abin da ɗa ba zai iya faɗa wa uba ba, abokin wasa zai faɗa a gaban jama'a, kuma ba a yarda a yi fushi ba.

Asabar ta zagayo, Baba ya ce zai je ya ɗauko sirdinsa. Da muka isa ya tsaya gaisawa da mutane a bakin gona, ni kuwa na zagaya bayan garke na sami Baffa yana kwance igiyar 'yan maruƙa. Na durƙusa na gaishe shi, na miƙa masa wayar. Ya ɗan kalla ya mayar mini.

"Ajiye madubinki, 'yata. Tun watan jiya na karanta wannan a bayan dokin."

"To Baffa, me ya sa ba ka faɗa masa ba?"

"Na zaci ku mutanen gida kun fi son ya daina hawa, ku huta da fargaba. Tsoho idan ya faɗo ba ya ɗoruwa." Ya dube ni sosai. "Ke me kike so?"

Na ce ina son dokin ya rayu.

Baffa ya ɗauki sandarsa ya ratsa ta a kafaɗa, ya jawo dokin da ragama zuwa inda Baba yake tsaye da sirdi a hannu, mutum biyar ko shida kewaye da shi.

"Bawana," ya ce da ƙarfi, "ka zo ka tafi ba ka gaishe da ubangidanka ba?"

"Ji wanda bai san gaban doki da bayansa ba," in ji Baba, ba tare da murmushi ba. "Je ka yi wa saniyarka magana."

"Saniyata ma ta fi ka iya zama. Kawo sirdin nan." Ya karɓa, ya rataye shi a reshen bishiya, ya saki likkafun biyu suna lilo har suka tsaya. Ta hagu ta sauko ƙasa da ta dama da kamar yatsa biyu. "A huji ɗaya na fatar ka sa su ko ba ɗaya ba? Wa ya ja fatar nan ta miƙe, aljani?"

Baffa ya kama hannunsa, hannun mahaifina, ya ɗora shi a bayan dokin gefen hagu, inda gashi ya goge ya bar wani wuri mai zafi kamar tafin hannu. Dokin ya ƙanƙance da aka taɓa.

"Wata nawa kana zaune masa a gefe ɗaya kamar buhun gero da aka ɗaure a gaggauce. Ya kai ka inda ka karkata, ka yaga masa baki. Matanmu suna ɗaukar ƙwarya uku a ka daga nan har kasuwa, ko ɗigon nono ba ya zuba. Babarbare guda ya kasa ɗaukar kansa. Ƙafarka ce ta mutu, bawana, ba dokin ba. Ita za mu kai kasuwa, sai dai ban san mai saye ba."

Wani ya fara dariya ya haɗiye ta. Na sunkuyar da kai, ina jin kamar ni ce na tuɓe wa mahaifina hula a gaban mutane. Baba ya daɗe hannunsa yana kan wurin nan mai zafi.

"Ka bar shi zuwa ruwan farko," ya ce daga ƙarshe. "Idan na gyara zamana ya sake bugawa, maganata tana nan."

Muka dawo gida. Baba bai tambayi wanda ya kai magana ba.

Maƙwabciyarmu tsohuwar nas ce daga Filato, tana sayar da kayan miya a ƙofar gidanta. Ita Baba ya je ya samu, abin da na san ya yi masa nauyi. Ta duba gwiwar, ta tura shi asibiti aka ba shi magani, sannan ta ɗora shi a kan aiki. Da safe nakan jiyo muryarta ta katanga: "Oga, tashi daga kujeran nan, kar ka kama komai. Zauna. Tashi kuma. Kai ba doki kake so ba?" Ta sa shi tsayuwa da ƙafa ɗaya yana dafe da bango, daga baya ya saki bangon. Ta sa shi tafiya zuwa gindin dutse ya dawo kafin rana ta yi zafi. Ranar farko da ya tsaya a kan ƙafar dama, jikinsa duka ya yi rawa kamar karan dawa a iska, na juya na shiga ɗaki don kada ya gan ni ina gani.

A Yangoji kuma Baffa ya hana shi gudu. Ya bar bayan dokin ya warke, ya mayar da tsohon linzami, ya cire likkafun gaba ɗaya. Baba ya riƙa zagaya durom ɗin da tafiya, ƙafafunsa a sake, yana neman tsakiyar sirdin kamar makaho yana laluben ƙofar gidansu. Baffa yana zaune a inuwa yana ihu: "Ɗaga kafaɗar! Daina kallon durom, ba budurwarka ba ce! Dubi inda za ka!" Sauran mahayan suna sukuwa suna wuce Baba, shi yana tafiya. Mutumin da ya fara hawa tun kafin ya yi wayo, ga shi ana koya masa zama.

Wata Asabar Baba ya ji daɗin jikinsa ya ɗan saki dokin, kafaɗar ta sake zubewa, gwiwarsa ta gogi durom ya yi tangal-tangal bai faɗi ba. Ranar bai ci abinci ba sai da yamma.

Zafi ya yi ta ƙaruwa, mangwaro ya nuna ya fara zuba. Sai ga wata Asabar hadari ya taso daga gabas, baƙi ƙirin, iska tana ɗauke da ƙanshin ƙasar da aka yi wa ruwa a wani wuri. Manomin ya zo da garmarsa ya jingine, ya ce yau ce ta ƙarshe.

Aka mayar da likkafun, an gyara fatar ta daidaita. Baba ya yi bisimilla ya hau. Bai shigo da irin gudunsa na da ba. Ya zagaye na farko a tsanake, ya tsallaka, suka doshi na biyu. Na ga ya danna ƙafar dama cikin likkafa, na ga fuskarsa ta yamutse don ciwo, amma kafaɗunsa suka tsaya daidai, idonsa ya riga ya tafi ga durom na uku. Dokin ya lanƙwasa jiki ya zagaye, da tazarar da mutum zai iya ratsawa. Ya zagaye na uku. Suka dawo.

Shi ne na ƙarshe a sauri ranar. Babu wanda ya ambata.

Ya daɗe a kan sirdi kafin ya iya zare ƙafar ya sauko. Baffa ya matso yana gyara sanda. "To, bawana, kasuwar fa?"

"Babu kasuwa," in ji Baba.

Ya zagaya gaban dokin, ya cire linzamin da hannunsa, ya duba gefen bakin inda tabon yake. Ina kusa, na ji abin da ya ce da murya ƙasa-ƙasa, kamar yadda ake yi wa mutum magana.

"Na zalunce ka. Ka yafe mini."

Ɗigon farko ya faɗo a kan sirdin. Mutane suka fara mirgina durom ɗin zuwa bakin gona. Baba ya kama ragama ya nufi rafi da dokin don ya sha ruwa, yana ɗingishi a fili, bai ɓoye wa kowa ba. Na ɗauki linzamin na bi su a baya.