Igiya Shida a Hasumiyar Tolby

Duk wanda ya taɓa kwana a Tolby ya san Wilf Cammack, in ma idonsa bai gan shi ba to kunnensa ya sha shi. Shi ne kyaftin ɗin masu kaɗa ƙararrawar cocinmu, kuma yana kan wannan muƙami tun kafin a haifi fastonmu ta yanzu. Gajere ne mai faɗin kafaɗa. A gonakin kabeji ya ƙare ƙuruciyarsa, a duƙe, da wuƙa a hannu, shi ya sa har yau bayansa ba ya miƙewa sai ya kama igiya.

Ƙararrawa shida ce a hasumiyar, kowace da igiyarta, kowace igiya da mai janta. Wilf ya ce kaɗin mutum biyar kamar baki ne da haƙorin gaba ya fita, gara a yi shiru. Ubansa ne kyaftin kafin shi. Ranar da aka binne tsohon, aka hau sama aka ɗaure wa ƙarfen da ke dukan kowace ƙararrawa fata a gefe guda, sai bugu ɗaya ya fito da ƙarfi, na biye ya fito can ƙasa-ƙasa kamar daga wani gari. Wannan shi ne kaɗin makoki, kuma a Tolby ba a yi wa kowa shi sai sarki ko sarauniya ko mai jan igiya. Tun ranar Wilf ya sa wa ransa buri ɗaya tak: in tasa ta zo, a sami hannu shida da za su yi masa irin wannan.

Matarsa Enid, wadda ta daina hawa hasumiyar tun wata rigima da suka yi a kan wanda ya fara ɓata kaɗi, ta taɓa tuna masa cewa shi ne fa na shidan.

"Kada ka damu, ni zan kama igiyarka," in ji ta. "Da murna ma."

Sai dai fa samarin garin duk birni ya kwashe su. Masu kaɗi suka yi ta raguwa, wannan ya mutu, wancan gwiwa ta ƙi, har ya rage daga Wilf sai Percy Odling, wanda ƙararrawar ta kurmantar, sai ƙanwar Percy ɗin, Mavis. Aka shiga wani lokaci da ran Lahadi ƙararrawa ɗaya ce ke kuka ita kaɗai, abin tausayi. Wilf ya rame, ya daina ko faɗa da mutane, abin da ya sa Enid ta fara tunanin kai shi asibiti.

Ana cikin haka wata Lahadi sai ga wata mata ta hawo matakalar tana haki. Danuta ce sunanta, mutuniyar Poland, a rumfar ɗaure kabeji take aiki. Ta ce ta zo ne ta ji wane ne wannan da yake mutuwa duk mako. Wilf bai ko dubi fuskarta ba, kafaɗunta ya duba, ya ga irin nasa ne, na masu ɗaga kwandon kabeji. Ya miƙa mata igiya.

Ita ta jawo mijinta Marek, shi kuma ya jawo abokinsa Rimas, direban babbar mota daga Lithuania. Wilf ya koya musu da tsawa da zagi, yadda aka koya masa. Doka ɗaya ya fi nanatawa: da zarar an fara kaɗi ba magana, ba tsayawa, ko hasumiyar ce ta kama da wuta. Yana alfahari da cewa bai taɓa yanke kaɗi a tsakiya ba, kuma ya sha ba su labarin yadda Percy ya taɓa shagala igiya ta ɗaga shi sama ya rasa haƙora. Kafin a daɗe Tolby ta koma tashi da ƙararrawa shida. Da gwiwoyin Wilf suka gaza, Danuta ce ke hawa tsanin ƙarshe ta shafa wa ƙarafan mai, kuma a hannunta mabuɗin akwatin fatun yake.

Sai aka shigo shekarar ƙuri'ar raba-gardama, ko a fita daga Tarayyar Turai ko a zauna. Ai fa garinmu ya ɗauki zafi. Mutanen da a da ba abin da ke haɗa su hira sai ruwan sama suka koma masana. Taga bayan taga an manna takardar Fita, 'yan Zama kuwa sai dai su gaisa da ido a shagon burodi. Wilf shi ne uban tafiya. Ya manna babbar takarda a tagar falo, ya maƙala bajo a ƙirjin kwat ɗinsa. Baƙi sun cika gari, in ji shi. Ba a ganin likita sai an yi layi. Shagon da yake sayen ƙusa ya koma sayar da baƙin burodi da kokwamba mai tsami. Ba ya dai faɗin cewa kwalbar kokwambar nan ba ta yankewa a rumfar bayan gidansa, Marek ne ke kawo masa.

Wata yarinya daga masu jin ra'ayin jama'a ta yi kuskuren bugo masa waya. Tambaya ɗaya ta yi, ya riƙe ta har shayin Enid ya huce, a ƙarshe ita ce ta roƙi ya yi haƙuri.

Saura 'yan kwanaki a jefa ƙuri'a, ya miƙe a mashayar garin ya bugi tebur ya rantse cewa in 'yan Fita suka ci, zai kaɗa ƙararrawa shida kaɗin biki, irin wanda ba a ji ba tun ƙarewar yaƙin duniya. Aka yi masa tafi. Ko mutum ɗaya bai tsaya ya ƙirga hannun da za su ja igiyoyin ba.

Ran Juma'a da safe rediyo ta faɗi sakamako. Wilf ya yi wata 'yar rawa a kicin wadda gwiwoyinsa suka daɗe suna riƙe da ita a zuciya, sannan ya ce a sanar da masu kaɗi, da hantsi kowa ya hallara.

"Ka tambaye su ko suna so?" in ji Enid, tana shafa wa burodi man shanu.

"Tambayar me? Masu kaɗi ne, kyaftin ya kira."

"Wilfred." In ta kira shi da cikakken sunansa to akwai magana. "Su wane ne baƙin nan da kake son a kora?"

"Haba, kowa ai ya san su. Waɗancan mana." Ya nuna wajen babban titi da cokali.

Enid ta dube shi ta saman tabarau, ta ce to, Allah ya ba da sa'a. Yana fita ta ɗauki waya.

Da ya iso ɗakin igiyoyi, yana hutawa a kowace kwana ta matakala, ya tarar duk sun riga shi, an shirya komai. Marek da Rimas sun sunkuyar da kai. Danuta kuwa hannunta duk baƙin mai, tana wani irin murmushi mai zaƙi da ya kamata ya sa shi zargi.

"Barka da nasara, Kyaftin," ta ce.

"Yawwa 'yar nan! Yau ranar tarihi ce. Ku ja da zuciya ɗaya."

Ya ba da alama, igiyoyi suka tashi. Zagayen farko ya fito tangararau, har ya lumshe ido don daɗi. Na biyu kuwa sai ya fito can ƙasa-ƙasa, a shaƙe, kamar daga wani gari. Wilf ya buɗe ido. Na uku da ƙarfi, na huɗu a shaƙe. Wayyo! An ɗaura fata.

Ya buɗe baki zai yi tsawa, sai ya tuna dokarsa. Ya yi niyyar tsayar da igiya, sai ya tuna alfaharinsa. Ya zare wa Danuta ido, ita kuwa ta kafa nata a kan igiyarta kamar waliyyiya. Percy, da ba ya jin komai, sai ja yake yana washe giɓi, a tunaninsa biki ake. Haka Wilf Cammack ya yi ta jan igiya kusan awa guda, fuska ja wur, yana kaɗa wa nasararsa makoki, kuma don tsabar gwaninta ko sau ɗaya bai ɓata ba.

A ƙasa kuwa gari ya tsaya cik. Rediyo ba ta ce sarauniya ta rasu ba, saboda haka mai jan igiya ne. Wanne? Sai aka ga gidan Cammack an sauke labule tsakar rana, yadda ake yi in an yi rashi. Daga baya Enid ta ce ita rana ce ta dame ta, kuma har yau ba wanda ya iya ƙaryata ta. Kan ka ce kwabo labari ya zaga: murna ta kashe Wilf. Mutane suka taru a harabar coci, maza sun cire hula, fasto ta taho da gudu a kan keke.

Da aka gama, Wilf ya sauko a fusace, amma kafin ya tura ƙofar ƙasa sai ya ji ana ambaton sunansa, ya dakata.

"Mutumin kirki ne, sai dai kai kamar dutse."

"Ni tsanina ya ara tun bara, yanzu wa zan tambaya?"

"Enid dai ta huta, baiwar Allah."

Ya banko ƙofar. Wata tsohuwa ta ƙwalla ƙara ta yar da furannin da ta tsinko. Mai mashaya ya ƙare masa kallo daga sama har ƙasa, ya mayar da hularsa, ya ce, "Au, kai ne? To ai sai a koma aiki." A hankali taron ya watse, wasu har da ɗan ɓacin rai, don sun riga sun sa rai da shayin zaman makoki.

Wilf ya juya ya tare Danuta a bakin matakala, fatun suna hannunta.

"Ke! Ni za ki mayar abin dariya a garin ubana?"

"Da safen nan Rimas ya tsaya shan mai," in ji ta, ba tare da ta ɗaga murya ba. "Wani ya leƙo ya ce masa ya fara haɗa kayansa. Irin bajonka ne a ƙirjinsa."

"To ni na aike shi? Ai ba da ku nake ba! Ku namu ne."

"Ni ba a ba ni takardar ƙuri'a ba, Kyaftin, amma an ce min gurbi biyu ne a kanta. Ko taka da na uku, inda ka rubuta ban da Danuta?"

Ta kama hannunsa ta ɗora masa fatun, murmushin nan ya gushe.

"Ba dariya kaɗai ba ce. Tun ranar da ka ba ni igiya kake gaya mana abin da kake so a yi maka. Muka ce gara ka ji shi yau da kunnenka, tunda in ranar ta zo ba mu san ko muna nan ba."

Tsohon ya daɗe yana jujjuya fatun. Tsoro ne ya kama shi, tsoro na gaske, irin wanda bai ji ba tun lokacin da ƙararrawa ɗaya ke kuka ita kaɗai. Can ya share maƙogwaro ya ce wa Marek ƙararrawa ta huɗu ta yi saurin shigowa har sau biyu, a gyara. Sannan ya juya ya tafi gida.

Kada wani ya zaci ya canja ra'ayi. Wilf ne fa. Takardar ta zauna a taga har rana ta kore launinta, bajon ma yana nan a kwat. Danuta da Marek sun zauna, suna zuwa duk Lahadi. Rimas kuwa kafin sanyi ya shigo ya sami aiki a Jamus, ya zo ya yi sallama, ya bar wa Wilf kwalbar kokwamba. Igiya ta biyar ta koma rataye a ƙugiyarta. Enid ta ce ita alkawarin rana ɗaya ta yi, ba za ta ƙara ko Lahadi guda a kai ba.

Yanzu in ka bi ta rumfar ɗaure kabeji lokacin tashi daga aiki, za ka gan shi tsaye a bakin ƙofa, ya dogara da sanda, yana leƙen kafaɗun masu fitowa ɗaya bayan ɗaya. Kwanan baya na tsaya muka gaisa, na tambaye shi ko an dace. Ya yi tsaki.

"Ina fa! Sababbi ba sa zuwa kamar da. Ni ban san abin da gwamnatin nan take yi ba, ta bar gari ba baƙi. Wa zai ja ta biyar?"

Ya gyara zaman bajon a ƙirjinsa, ya mayar da ido kan ƙofar.