Tulun Iri a Ƙofar Ɗakin Baba

Shekarar da aka ba ƙasarmu mulkin kai, duk wanda ya dawo daga kasuwar Cadawa ba shi da zance sai na tafiyar Faransawa da sabuwar tuta. Mu a gidanmu zancen ruwa muke yi. An yi ruwan fari, Baba ya shuke gonarsa kaf, gero ya tsiro gwanin sha'awa, sai sama ta ɗauke. Rana ta ƙone shukar ƙurmus. Iri bai rage ba sai wanda Kaka, mahaifiyar Baba, ta ɓoye cikin tulu a ƙarƙashin gadonta.

Baba ya rasa ta yi. In ya yi binne, wato ya zuba irin a busasshiyar ƙasa ya jira ruwa, ɗan yayyafi na iya tsirar da shi ya mutu, ko zabbin daji su tone. In kuma ya tsaya jira, damina na iya wucewa gero bai nuna ba. Kullum da safe sai ya ɗauki sungumi, ya dubi gabas, ya mayar ya jingine. "Ina da niyya," haka yake ce wa Innarmu. Ni kuwa da na ji Inna tana kankare ƙasan tukunya, sai na san abincin gidan ya kusa ƙarewa.

Kaka ba ta da bakin yi masa magana. Ɗan farinta ne, kunya ta hana ta ko kiran sunansa, in ta matsu sai ta ce "wancan". To ta yaya za ta ce masa tashi ka shuka?

Bayan an ci tuwo takan zauna gefen murhu tana tura kara cikin garwashi, mu jikoki mu kewaye ta. Ran nan sai ta ja tabarmarta kusa da dangar da Baba ke kishingiɗe a bayanta. Ta dube ni ta ce, "Kai mijin nawa, ragon banza, matso. Ga ta nan ta taho muku." Muka ce ta iso mu ji ta. Muryarta ta fi ta kullum ƙarfi.

Wai wasu 'yan'uwa uku ne rijiyar garinsu ta ƙafe. Babban kullum yana gindin tsamiya yana wasa dagi, yana cewa yana da niyya, har dagin ya ƙare a wasawa. Na tsakiya ya hau kan dutse ya kama haƙa. Tsofaffi suka ce babu ruwa a nan, ya toshe kunne har daginsa ya karye. Autan ya zaga daji, ya ga inda tururuwa ke fito da danyen yashi, ya tambayi makiyaya, sannan ya yanke shawara ya kafa dagi. Ya haƙa tsayinsa, ƙasa a bushe. Ya ƙara, a bushe. Mutane na yi masa dariya, bai fito ba.

Na ce, "Kaka, ai shi ma taurin kai ne!"

Ta dungure mini kai. "Rufe mini baki. Mai taurin kai bai duba ba, kuma ba ya ji. Wanga ya duba, ya tambaya, ya yanke. Tsayawar da ya yi bayan ya yanke, ita ake kira dagewa. Niyya kuwa, ko ni da ba ni da haƙori ina da niyyar tauna ƙashi."

"To ya samu ruwan?"

Ta tura kara cikin garwashi. "Yana can yana haƙa. Ku tashi ku kwanta." Muka yi ta magiya, ta ƙi rufe tatsuniyar, abin da ba ta taɓa yi ba.

Da asuba Baba ya tarar da tulun iri a ƙofar ɗakinsa. Bai tambayi kowa ba, ya ɗauka muka nufi gona. Yana sara da sungumi, muna zuba iri muna rufewa da diddige. Wani maƙwabcinmu ya wuce kan jaki ya ce, "Haba Malam, wannan ai taurin kai ne." Baba ya ci gaba da sara.

Wayyo, kwanakin da suka biyo baya! Hadari ya haɗu baƙi ƙirin, iska ta watsa shi. Kowace yamma na tambayi Kaka labarin auta sai ta ce yana haƙa. Wata safiya na hango ta a bayan rumbu tana kallon gabas, leɓɓanta na motsi. Nan na gane ita ma ba ta san ƙarshen ba, kuma ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba.

Daga ƙarshe ruwan ya sauko wata rana da la'asar, mai ƙarfi, har ya cika tsakar gida. Na ruga ɗakinta ina ihu, "Kaka, ya samu?" Daidai nan Baba ya shigo gida jiƙe sharkaf. Ta kau da kai tana goge ido da bakin zane, ta ce, "Tambayi wancan."

Yau na girmi Baba na lokacin, kuma har yanzu in na ji bakina ya ce ina da niyya sai in ji kunya, in tuna dagin nan da ya ƙare a wasawa. Na daɗe ina ɗauka Baba ne autan. Sai da na haifi nawa 'ya'yan na fahimci da ruwan bai zo ba, da garin nan ya kira ɗanta mai taurin kai har ya mutu, mu kuma da mun kwana da yunwa. Kaka ta san haka sarai. Duk da haka ta jawo tulun daga ƙarƙashin gado ita kaɗai, ta kai shi ƙofar ɗan da ba ta iya kiran sunansa.