Kalmar da Sitti ta hana ni ji

Bana shekara goma sha tara ke nan da muka kai Sitti Kande makwancinta. Kakata ce ta wajen uwa, ita ta raine ni a unguwar Utaibiyya ta Makka bayan rasuwar iyayena. Ban taɓa jin sunana a bakinta ba, sai dai “Maigida”, irin wasan kaka da jika. Maigidan da ko cefanen tumatir bai taɓa yi ba, in ji ta.

Ina ɗan shekara bakwai maƙwabta suka matsa mata ta nemi tallafin da gwamnati ke ba masu riƙon marayu, tunda mu ’yan ƙasa ne. Ta ja hannuna muka tafi. Ma’aikacin ya dube ni, ya tambaye ta da Larabci, “Wannan ne marayan?”

“Wa? Wannan maigidana ne,” ta ce.

Ya yi dariya, ya ce dole sai an rubuta maraya. Sitti ta naɗe takardar, ta miƙa masa abarsa. Har gida tana faɗa da Hausa: “Ina raye a kira ka maraya? A kunnenka?” Ta koma suyar gyaɗa tana sayar wa mahajjata, har gwiwoyinta suka gaza. Na daɗe ina cewa taurin kai ne, kuma har yau ban janye ba. Amma ina kewarta ƙwarai.

Bara ɗana Usama ya rasu, ya bar mini ’yarsa Rim, wadda mahaifiyarta ta riga shi. Tasin da nake ja ba ta riƙe gida kamar da. Yanzu ba a zuwa ofis, a waya ake cike takardar. Wata uku tana buɗe a wayata, saura gurbi ɗaya, kuma kalmar nan ce. Da Sitti na nan, da cewa za ta yi, “Ita ma wayar ta koyi rashin kunya?”

Shekaranjiya na jira Rim ta tafi makaranta, na danna. Ki yafe mini, Sitti. Yarinya na buƙatar tabarau, ni kuma ban iya suyar gyaɗa ba. Amma abin da kika tsare mini na tsare mata: kalmar ba ta shiga kunnenta ba.

Da ta dawo na tarye ta a ƙofa. “Uwargida, sannu da zuwa.”

Ta murguɗa baki, ta kira ni kaka da Larabci: “Ya jaddi, ni fa ba na auren tsoho.”