Tudun da Ustaz Ɗahir ya hana ni nomewa

Ustaz Ɗahir ya rasu.

Da safen nan labarin ya same ni ina kwance ƙarƙashin tarakta, hannuna duk baƙin mai. Ƙaninsa ne ya kira. Ya ce zazzaɓi ne, bai ma yi wata doguwar jinya ba. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Tun ɗazu nake zaune jikin taya, na kasa komai.

Da yawanku kun san shi malamin jami'a ne, mai tonon kayan mutanen da. Ni kuwa direban tarakta ne a Gedambaliya, karatuna bai wuce allo ba. Amma mutumin nan bai taɓa kiran sunana gatsau ba. Kullum "ya Usta Haruna", yadda ake kiran ƙwararren mai sana'a, kamar ni ne babban.

A gonar da nake wa aiki akwai wani ɗan tudu. Duk shekara in na bi ta kansa sai diski, wato faifan garmar tarakta, ya yi ta tono tsingaro, da ƙwanson teku, da wani baƙin dutse mai sheƙi kamar gilashi. Ma'aikata suka ce gidan aljanu ne. Wani tela a kasuwar Gadarif ya ce min akwai wani ustaz da irin wannan tarkacen ke sa shi mantawa da abinci.

Sai na ce bari in burge shi. Na tsince su cikin buhu, na wanke su tas da sabulu, na kai masa har gida.

Da ya leƙa buhun sai ya dafe kai. Na ɗauka murna ce.

"Ya Usta," ya ce, "Allah ya saka da alheri. Amma abin nan in ya bar inda yake kwance, bebe yake zama. Kai kuma har wanka ka yi masa!"

Muka yi dariya har da hawaye. Sannan ya sa aka kawo kisra, wainar dawar nan mai faɗi, da miya, ya hana ni tafiya sai da na ƙoshi.

Ranar da na kai shi tudun, durƙusawa ya yi cikin laka da farar jallabiyarsa. Ya ɗora min baƙin dutsen a tafin hannu ya ce daga duwatsun Habasha ya fito. Ƙwanson kuma daga Bahar Maliya. Ya nuna min wani tsingaro da sawun ƙwayar dawa ya fito a jikinsa raɗau. Ya ce tun kafin raƙumi ya shigo ƙasar nan mutane ke bin wurin, da ƙafa da jaki, wannan ya kawo nasa ya karɓi na wancan, har su koyi girkin juna.

Na ce masa, to mu da ake ce wa baƙi fa, don kakanninmu sun tako daga yamma za su Makka?

Ya ce, "Wallahi ya zol, bawan Allah, ƙasar nan hanya ce tun fil'azal. Kowa ka gani, wani nasa ya taɓa sauke kaya a nan."

Ban taɓa gaya masa ba, amma maganar nan ta cire min wata ƙaya da na daɗe da ita a rai.

Lokacin da uwar gidana ta kwanta asibiti, shi ya riƙa zuwa da abinci daga gidansa. Ko sau ɗaya bai taɓa tayar da zancen ba bayan nan.

Haɗuwarmu ta ƙarshe wajen mai jabana ce, mai sayar da kofi a kasuwa, bayan sallah. Ya rame. Yaƙi ya watsa ɗalibansa, wasu ma bai san inda suke ba. Na gaya masa Hajji mai gonar ya fara ƙorafi, wai tudun da muka daina nomewa na cin masa wuri a banza. Ya riƙe hannuna ya ce, "Bana ma ka kewaye shi, ya Usta. In an samu lafiya zan tattaro yaran mu tona shi yadda ya kamata. Kar ka bari diski ya riga mu."

Na ce insha Allahu. Ina ma na ƙara zama ko na kofi ɗaya ne.

Ba takarda ce ta tsare tudun nan ba. Ustaz ne ya je da kansa ya roƙa, Hajji ya ce, "Halas, shi ke nan, na bar shi saboda fuskarka." Yau bayan azahar za mu rufe fuskar nan da ƙasa.

Ga hadari ya fara haɗuwa ta gabas. Na san abin da Hajji zai ce min, kuma ina da 'ya'ya, aikin nan ne abincinsu. Amma in mun dawo daga maƙabarta zan je in same shi da tawa fuskar, duk da na san ba ta kai ta Ustaz ba.

Allah ka jiƙan Ustaz Ɗahir, ka yalwata masa kabarinsa, ka sa Aljanna ce masaukinsa, ka ba iyalinsa haƙuri. Duk wanda ya karanta wannan, don Allah ya tsaya ya yi masa Fatiha. Ni ma ku sa ni a ciki, Allah ya ba hannuna ƙarfin juya sitiyari ranar da na iso gindin tudun nan.